Hoton Kobus na Kowace Safiya

Dokkum, farkon Fabrairu

Wiebe, maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya sanyin teku, yaya kuma gwiwar nan taka? Nan gida lafiya lau. Mama tana gaishe ka, ta ce ka aske gemun nan kafin ka dawo.

Ka ce in ba ka labarin karenka, wai hotunan da kake gani ba su ishe ka ba. Kobus yana nan. Kumburin ciwon dajin da ke wuyansa bai ƙaru sosai ba, kuma maganin da Aukje likitar dabbobi ta rubuta masa ya karɓe shi.

Ni ce dai ba ni da sukuni. Tun ranar da ƙaninka Tjeerd ya manna fuskar Kobus a jikin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da ya ƙirƙiro, na zama 'yar aikin kare. Ka tuna yadda ya tsara mana zance a teburin cin abinci: mutane su sayi kuɗin, darajarsa ta hau, mu sayar da kason da muka ware wa ƙungiyarmu ta gina asibiti mu sayi na'urar ƙona ciwon daji, Aukje ta buɗe asibitin karnuka a nan arewa, a daina jigilar dabba marar lafiya zuwa kudu. Ni kuma da bakina na ce sai dai a kulle kason nan, ba mai sayar da shi har ƙarshen Maris, kada wani ya ce mun kwashe mun gudu. Kowa ya tafa mini, har da kai.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne farashin zai riƙa bin lafiyar Kobus. Kowace safiya sai na ɗora sabon hotonsa a intanet. In ya fito da ƙwallo a baki, kuɗi ya hau. In ya fito a kwance, sai waya ta hau ruri. Jiya Tjeerd ya kira ni ina kan keke, ya ce, "Matar yaya, kin sa mana hotonsa yana hamma, mun faɗi warwas. Gobe ki sa shi ya yi dariya mana." Na ce masa ya zo ya yi dariyar da kansa, ai kamar tasu ɗaya.

Na zama kamar mai gadin tukunyar madara a kan wuta. Ko a coci sai da na leƙa waya.

Ka kula da kanka.

Taka,
Renske

Dokkum, ƙarshen Fabrairu

Wiebe nawa,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Ina fata tarin da ka ambata ya sake ka. Mama lafiyarta ƙalau.

Kada ka yarda da hotunan makon nan. Ƙwallon da ka gani a bakinsa, hantar kaza na shafa mata, kuma ina gama ɗauka ya sake ta ya koma ya kwanta. Ya daina hawa bene. Yawon da kuke yi kan ganuwar teku ma ya bari, iyakarsa bakin ƙofa. Numfashinsa yana fita da wata ƙara da ba na son ji.

Aukje ta duba shi ranar Litinin. Ta daɗe tana shafa kansa, sannan ta ce ciwon ya kai huhu, lokaci ya yi da za a yi masa allurar da za ta hutar da shi gaba ɗaya. Ka san asibitin nan burinta ne tun tana makaranta, amma ko ambatonsa ba ta yi ba. Ni ce na ambata. Sai ta ce, "Renske, ni likitarsa ce, ba likitar kuɗinsa ba."

Tjeerd kuwa da ya ji, sai ga shi har kicin ko rigar ruwa bai cire ba. Ya ce ranar da aka sanar Kobus ya mutu, kowa zai yi gaggawar sayar da kuɗin, kason da muka kulle ya zama iska kafin mu iya taɓa shi. Dabararsa ita ce a yi allurar a ɓoye, in ci gaba da sa tsofaffin hotuna har Maris ya ƙare. "Wa zai sani? Kare ai kare ne, yau da bara duk fuska ɗaya." Na ce masa ban taɓa cin kuɗin mutane da ƙarya ba, kuma ba da gawar kare zan fara ba. Kada ka zarge shi da yawa, don da zai fita sai da ya durƙusa gaban Kobus ya yi hawaye.

To ka ga inda na tsaya. Ƙarya ba zan yi ba, gaskiya kuma za ta rushe komai. Ga Hiske maƙwabciyarmu, ƙaramar karyarta ta kamu da irin ciwon, ita kuma ba ta iya tuƙi mai nisa. Kullum muka haɗu a shagon burodi sai ta riƙe hannuna ta tambayi asibiti. Saboda haka na roƙi Aukje ta ƙara masa maganin kashe zafi, mu lallaɓa zuwa ƙarshen Maris. Ta ƙara, amma ba ta kalle ni ba.

Karenka ne, Wiebe. Ka gaya mini abin da zan yi.

Taka,
Renske

Dokkum, makon ƙarshe na Maris

Wiebe,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso. Ka ce in yi abin da na ga ya dace, ka yarda da ni. Na gode, amma raina ya ɓaci. Abu ne mai sauƙi mutum ya yarda da matarsa daga tsakiyar teku.

Kobus ya tafi shekaranjiya da hantsi.

Na tashi zan ɗauki hoton safe kamar kullum. Na tallafo shi ya zauna, na ja baya, sai ya zame. Na sake tallafo shi, ya sake zamewa. Ina shirin yi karo na uku sai na ga yana ƙoƙarin miƙewa da kansa, ƙafafunsa suna rawa, don ya gane abin da nake so ke nan kuma yana son ya faranta mini. Nan na ajiye wayar na kira Aukje.

A kan tsohuwar rigar aikinka aka yi masa allurar. Kansa yana cinyata, bai ji komai ba. Aukje ta zauna muka sha kofi.

Na rubuta sanarwa gajeriya na ɗora ba tare da na gaya wa Tjeerd ba, sannan na kashe wayar na jefa ta cikin kwandon dankali. Saura 'yan kwanaki kacal a buɗe kason, na sani. Ban san da wane ido zan kalli Hiske ba, shi ya sa tun ranar ban je sayen burodi ba. Ina ta goge tagogin da na riga na goge.

Taka,
Renske

Dokkum, farkon Afrilu

Wiebe, maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kun fara shirin juyowa. Mama ta ce ta yi maka ta'aziyya.

Washegarin ranar da na aika maka waccan wasiƙar, Tjeerd ya buga ƙofa. Na shirya wa masifa, sai na gan shi da furanni da kek, baki har kunne. Ya ɗaga ni sama yana cewa, "Matar yaya, kin iya kasuwanci! Wa ya koya miki?"

Ashe labarin mutuwar ne ya zagaya duniya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Kobus ba suka yi ta sayen kuɗin suna sa alamar kuka. Farashin ya hau inda bai taɓa zuwa ba yana raye, kuma bai sauko ba har aka buɗe kason. Tjeerd ya sayar da shi kaɗan-kaɗan. An yi odar na'urar, an kama gini, Aukje ta ce kafin kaka za a fara karɓar karnuka, kuma karyar Hiske ce ta farko in Allah ya kai ta. Hiske ta rungume ni a tsakiyar titi.

Kowa murna yake yi, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito, in na hau keke sai in rasa inda zan je. Ina son asibitin nan, Allah ya sani. Amma kusan wata guda na riƙe Kobus yana nishi, don tsoron abin da bai ma faru ba. Aukje ta gaya mini lokaci ya yi, na ji, na ƙi.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. A makonnin nan, duk safiyar da na sauko na ga ya buɗe ido, sai in ji sanyi a raina. Na yi ta tambayar kaina ko don shi nake jin sanyin ko don farashi, kuma har yau ban samo amsa ba.

An ƙona gawarsa, tokar tana nan, ban kai ta ko'ina ba. Ka yi sauri ka dawo, ba na son in yi wannan ma ni kaɗai.

Matarka mai kewarka,
Renske