Saniyar Sulle

Gwangwan, Rogo
Damina, 1996

Zuwa ga Hamma Ɗanmaliki,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya su Tani da yara a Kurugu? Allah ya sa kowa lafiya.

Hamma, ran Talata shanu suka dawo daga kiwo, na fito da dusa ina jiran Kyalla, har na ƙarshe ya shige ban gan ta ba. Makiyayan suka ƙi haɗa ido da ni. A nan na gane an sayar da ita.

Ka san ita ce 'yar maraƙar da aka ba ɗana Sulle ranar sunansa. Tun da sanƙarau ya ɗauke min shi, ita nake gani in ji sanyi. An ce Bappa Shitu, baffan maigidana, shi ya haɗa ta cikin shanun da wani Alhaji zai kai Jidda a jirgin sama. Tunda kana aikin lodi a filin jirgin Kano, don Allah ka nemo min ita. Baƙa ce, da fari a goshi.

Ƙanwarka,
Hajo

*

Kano

Hajo,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara haƙuri.

Na gan ta. Tana garken bayan fili, likita ya duba ta, an maƙala mata lamba a kunne. Jirgin ba shi da kujeru, keji-keji ne na katako, kuma an riga an auna nauyin kowace. Alhajin mutumin kirki ne. Ya ce zai sake ta in an kawo wata mai girmanta kafin Alhamis. Ni da ke mun san wadda ta kai ta girma a gidanku: saniyar 'yarki Barira ce kaɗai.

Na biya ta wajen Bappa Shitu a kasuwar Karaye, na je da faɗa a bakina. Tsohon nan kuka ya yi. Ya ce kullum kina gindin saniyar nan kina kiran sunan Sulle har rana ta faɗi, Barira kuwa a gidan maƙwabta take cin tuwo. Ya ce tsoro ya ji kada a rasa ku duka. Ban ce ya yi daidai ba. Abin da kika ce shi zan yi.

Yayanki,
Ɗanmaliki

*

Gwangwan

Hamma,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka. Sai na kira Barira in yi mata kitso, na tarar kanta duk ya cukurkuɗe. Na ce, "Wa ya yi miki na ƙarshe?" Ta ce, "Ke ce, Inna, kafin Sulle ya kwanta."

Ba zan taɓa saniyarta ba. Ka bar Kyalla ta tafi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ba ta son ƙara, ko tsawa aka yi sai ta yi ta rawar jiki. Ka tsaya kusa da ita lokacin hawa, ka sosa mata bayan kunne, haka Sulle yake yi mata. Ka gaya wa mai raka su ya ba ta ruwa.

Ka gaida Tani. Bappa Shitu ya zo ƙofar gida sau biyu. Har yanzu ban fita na gaishe shi ba.

Taka,
Hajo