Tudun da Aka Bar wa Ranar Ƙarshe

Kaka Odessa, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Kin san garin nan na 'yan fim, in ka yi tari a Burbank kafin rana ta take an ji a Santa Monica.

Mijina furodusa ne, bari in kira shi Orrin. Da kai wa mutane kofi ya fara a situdiyo, har ya kai finafinansa na kaboyi suna cika sinima. Jaruminsa tun fim ɗin farko shi ne Clem, tare suka kwana a mota lokacin da ba su da ko ɗaki. Taƙamar Orrin ɗaya ce: a fim ɗinsa ba a sa wani ya yi wa jarumi aikin haɗari, wanda ka gani a kan doki shi ne a kan doki. Sai zamani ya juya. Yaran da ke riƙe da kamfanoni yanzu ba sa ce masa a'a, sai dai "mu ci abinci mako mai zuwa", makon kuwa ba ya zuwa. Na yi shekara da shekaru ina kallonsa zaune gefen waya da takalmi a ƙafa.

Bana aka ba shi fim, albarkacin sunan Clem kaɗai. A hamadar Mojave za a ɗauka, cikin Agusta, lokacin da zafi ya fi tsanani. A ƙarshen labarin Clem zai goya wani ƙato mai rauni ya hau tudun duwatsu da shi, ba a tsayar da kyamara. Clem ya haura saba'in.

Ran Lahadi mun gasa nama a bayan gida. Na shiga kicin ɗauko gishiri, na tarar da Clem ya dafa firiji, leɓɓansa sun yi toka-toka, yana cusa ƙwaya ƙarƙashin harshe. Da ya dawo hayyacinsa sai dariya, wai "Amarya, girkinki ne zai kashe ni, ba wani abu ba." Har yau amarya yake ce mini, duk da ina da jikoki. Sannan ya riƙe hannuna ya sa na yi alkawarin yin shiru. Ciwon zuciya ne. Likitan inshorar fim ɗin ya duba shi tun kafin abin ya tsananta. In aka sani, fim ya rufe, kuma su biyun babu mai sake ba su wani.

Na yi shiru. Amma shekaranjiya ina zuba shayi na ji Orrin a waya yana cewa a juya tsarin aiki: a fara ɗauke duk inda fuskar Clem take, hawan tudun a bar shi ranar ƙarshe. A da shi ne a makon farko. Na tambayi dalili, ya ce saboda haske ne, bai ɗago ya dube ni ba.

Kaka, ya sani ne? Wato yana so fim ya kammala ko da...? Hannuna ya ƙi rubuta sauran. In karya alkawari in kashe musu fim, ko in ja bakina?

Matar Furodusa, Burbank

*

'Yata,

Kin auri furodusa kuma kina neman kwanciyar hankali? Ai da kin zo tun kina budurwa da na haɗa ki da mai gyaran famfo.

To, wasa a gefe. Ni ban yi nisa a makaranta ba, allura ce ta ciyar da ni, na tsufa ina ɗinka wa 'yan fim riguna. Don haka bari in yi wa mijinki adalci. Barin haɗari a ranar ƙarshe tsohuwar ɗabi'arsu ce. Na san wani furodusa mai kuka a coci duk Lahadi, amma faɗowa daga doki bai taɓa ɗaukarta ba sai ya gama da fuskar jarumi tas. Mu masu ɗinki har riga biyu muke yi wa ranar, ba ma tambaya. Tsarin kaɗai ba shaida ba ne.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa sai bayan Lahadi? Kicin ɗinki ba shi da taga ne?

Clem kuma na fahimce shi. Tsohon jarumi ya fi son ya faɗi gaban kyamara da ya bushe a kujerar lilo, kuma ransa ne. Amma ba shi kaɗai zai hau tudun ba. Ƙaton da zai goya ɗan wasu ne, wataƙila uban wasu. In zuciya ta tsaya a tsakiyar duwatsu, mutum biyu ne za su gangaro, ɗayan kuwa ba wanda ya nemi shawararsa. Alkawari kaya ne, gaskiya, amma wannan ba naki ba ne ke kaɗai da za ki riƙe.

Ki je wurin Clem gobe, ba a waya ba. Ki ce masa amarya ta tsufa, bakinta ya saki: ko ya faɗa wa abokinsa da kansa a teburinki cikin makon nan, ko ke ki faɗa. Zai yi fushi. Fushin mai rai yana hucewa.

Kuma kada ki ɗauka fim ya mutu. A hau tudun da hunturu, ko a sa wani ya yi goyon daga nesa. Abin da zai mutu taƙamar Orrin ce, ita kuwa ba ta da 'ya'ya.

Ranar da za su zauna, kada ki shiga kicin. Ki zauna inda za ki ga fuskar mijinki lokacin da Clem zai buɗe baki. In ya firgita, kin auri mutum, ku taru ku nemi mafita. In kuwa ya ci gaba da tauna, ki tashi ki kira likitan inshora a gabansa, sannan ki sake rubuto mini, don maganarmu ba ta fim ba ce kuma.

Allah ya ba Clem lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya. Allah ya sa mijinki ya firgita, 'yata.

Kakarki, Odessa