Makullin da Ke Wuyana

Litinin, 3 ga Maris
Maganin ciwon Baba na ɗaki na huɗu ya yi ƙasa da ƙwaya ɗaya. Sau uku na ƙirga. Shekara tara ina aiki a gidan tsofaffin nan, makullin kabad da na keken rabon magani suna rataye a wuyana, ban taɓa ganin haka ba. Sai da aka kawo sabuwar nas ɗin nan mai yawan murmushi.

Laraba, 5 ga Maris
Wata ta sake ɓata. Na tambayi Sabuwa, wai ita ko keken ba ta taɓa turawa ba. To me ya tsayar da ita bakin kabad jiya? Biri ya yi kama da mutum.

Alhamis, 6 ga Maris
Na faɗa wa shugabarmu. Ta ce in aka ƙara rasa ɗaya, yarinyar za ta zauna gida har a gama bincike.
Goggo ta ɗaki na shida barci take ta yi kwanan nan, ko abinci sai an tashe ta. Tsufa.

Litinin, 10 ga Maris
An ƙara rasa ɗaya. Sabuwa ta tafi ido jawur, har da ce min, "Sai wata rana, Yaya." Na ci gaba da aikina.

Laraba, 12 ga Maris
Ba ta nan, ƙwaya ta ɓata. Ta yanko wani makullin ne? Ko mai shara ce? Yau har mai girki na harara.

Alhamis, 13 ga Maris
Baba ba ya haɗiye magani sai na riƙe masa kofi. Nakan bar keken a bakin ƙofa, aljihun maganin a buɗe, minti biyu kacal. Yau na waiga. Iya, abokiyar ɗakin Goggo, wadda ta yi aikin nas shekara talatin kafin mantuwa ta kama ta, tana ɓallar ƙwaya hankali kwance.

"Iya, me kike yi?"

"Zagayen safe, 'yata. Kun bar min mara lafiya da ciwon gwiwa."

Ashe abokiyar ɗakinta take kai wa. Goggo ke shanye su. Likita ya duba ta ya ce an auna arziki.

Juma'a, 14 ga Maris
Rahoto biyu na yaga kafin na sa sunana inda ya dace. Yanzu ko atishawa zan yi sai na kulle keken.
Sabuwa za ta dawo Litinin. Na rage tsawon igiyar makullin. Yarinyar da za ta rataya shi ba ta kai ni tsayi ba.