Jitar Galan

Dakoro, 12 ga Nuwamba, 1967

Zuwa ga Yayana Abarci,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aikin soja, yaya Damagaram? Inna da Baba suna lafiya, gero ma ya yi kyau bana.

Ka tambayi labarin kokawar kaka. To, na kayar da Rabo na Korahane, wanda ka ce sai na ƙara cin tuwon shekara biyu kafin in taɓa shi. Amma Yaya, ban ji daɗin da na zata ba. Ina miƙewa na duba wajen 'yan mata ina neman Zalika, 'yar Alhaji Mamani mai fataucin hatsi, wadda muke aji ɗaya a lakwal, makarantar boko. Ba ta nan. Ashe wanta ne ya dawo daga Kano da akwatin faifai mai aiki da pil, wato batir, yara duk sun taru a zaurensu.

Ko wanka ban yi ba na tafi in ga abin da ya fi ni. Wani kiɗan Turawa ne, wai shi rok. Jita ce ke kuka a ciki kamar ana wasa wuƙa, amma sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Zalika ta rufe ido tana kaɗa kai, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Ka yi dariyarka, amma na rantse sai na iya abin nan.

Ka huta lafiya. Ƙanenka,
Na'Allah

Dakoro, 3 ga Maris, 1969

Yayana Abarci,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Takardarka ta iso, faɗan da ke ciki ma ya iso bai zube a hanya ba.

Gaskiya aka faɗa maka, na ƙi shiga filin kokawa da 'yan garin Ɗan Gulbi. Ba tsoro ba ne, kai ka koya mini kokawa, ka san ni. Yatsuna nake tattali. Dubi naka na hagu da ya karkace tun karonka na ƙarshe, da irinsa ba a danna waya.

Na haɗa jita da galan ɗin mai da wayar birkin keke. Mushe Attaher, wato Malam Attaher na lakwal ɗinmu, mai jita ta gaske, ya nuna mini riƙon waya iri uku, sauran ina kwasa daga faifai da kunne. Baba ya ce a zuriyarmu ba a taɓa makaɗi ba, ya daina amsa gaisuwata har kwana tara. Amma ran Talata Zalika ta tsaya da tulu a ka, ta saurara har na gama, sannan ta ce galan ɗina mura yake yi. Ta yi dariya ta wuce. Wannan dariyar ta ishe ni guzurin shekara.

Ƙanenka mai taurin kai,
Na'Allah

Dakoro, 20 ga Janairu, 1972

Yayana Abarci,

Gaisuwa da girmamawa. Yaya iyali, yaya amarya? Allah ya bar ku tare.

Na san Inna ta sa an rubuto maka, to ga bakina. Da Mushe Attaher zai bar garin ya bar mini jitarsa, na kuma kaɗa ta gaban jama'a ranar bikin Jamhuriya. Bayan nan Baffa ya je nema mini Zalika. Alhaji Mamani ya ce gidanmu ba abin ƙi ba ne, ko ɗan kokawa zai ba, amma ba ya haɗa jini da makaɗi. In ina so, in ajiye jita in bi motocinsa na hatsi zuwa Najeriya.

Na je wurin Zalika ina tsammanin za ta tsaya mini. Cikin sanyin murya ta ce faifan nan yarinta ce, ita ko sautinsa ba ta tunawa, in ajiye mu huta. Yaya, ban taɓa shan kaye mai zafin wannan ba.

Duk da haka na gwada. Kwana goma sha tara na bi motar hatsi, jita tana rataye a ɗakin Inna. Yaran mota suka riƙa yi mini tsiya, wai yatsuna na kaɗa buhu ko ina gyangyaɗi. Nan na gane abin da na daɗe ina ɓoye wa kaina: don Zalika na fara kiɗan, amma tuni na daina yi don ita.

Ina son ta har gobe, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma na san wani zai aure ta ina ji ina gani. Kada ka ɗauki hutu don ka zo ba Alhaji haƙuri, na riga na mayar masa da amsa da bakina. Akwai masu jita a Maradi da ke neman mutum na huɗu, ranar kasuwa zan hau mota.

Ka roƙar mini gafara wurin Baba, kai yake ji. Inna ba ta ce mini tafi ba, ba ta ce zauna ba, amma tun jiya take daka mini garin guzurin tafiya.

Allah ya sada mu da alheri. Ƙanenka,
Na'Allah