Ni Ce Cikon Ashirin

Zuwa ga Kakata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Da fatan kin sha magani. Abin dariya ne in rubuto miki alhali gida ɗaya muke, amma kin san bakina, a gabanki ɗaurewa yake yi.

Kaka, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na so in gama karatu a makarantar garinmu, Halvor.

Na san tarihin, tun ina ƙarama kike ba ni shi. Yadda kakanki da sauran manoma suka jawo katako da dawaki, suka kafa aji ɗaya tun kafin a gina coci. Yadda jirgin ƙasa ya daina tsayawa, aka rufe banki da kantin magani, makaranta kaɗai ta rage. Kullum ina wucewa ƙarƙashin hotunan waɗanda suka gama, ga ki, ga marigayiya Mama, duk kuna kallona.

Hukumar ilimi ta ce in 'yan sakandare suka gaza ashirin, za a rufe makarantar a haɗe mu da ta garin Ostby. Ni ce cikon ashirin. Ko atishawa na yi, sai Mista Dahlgren mai gidan mai ya ce, "Ke Ashirin, kar ki mutu mana sai kin karɓi takardar gamawa!" Kowa ya yi dariya, ni ma in yi.

Mu uku ne a ajinmu, biyun 'ya'yan kawuna ne. Littattafan soyayyar ɗakin karatu kuwa duk na haddace su. A cikinsu kullum baƙo yana shigowa gari. Mu nan wa zai shigo? A Ostby akwai ajin waƙa, akwai mutanen da ba su san ni ba. Ina so in ga yadda nake in ba a san kakata ba.

Anti Solveig ta ce in zauna wurinta a can. Sa hannunki kawai ake jira a takardar canja makaranta, tunda ke kike riƙona. In kin sa, makarantar da kika tsufa kina koyarwa ta rufu, kuma ni ce sila. In kin ƙi, zan zauna, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ina jin ki a kicin kina gasa kek ɗin taron ceton makaranta, har da 'yar waƙarki. Da na so in ajiye miki wannan kan gado in gudu. Na fasa. Yanzu zan fito in ba ki hannu da hannu, in tsaya har ki gama karantawa.

Jikarki mai ƙaunarki,
Linnea