Ƙofar da aka gusar

Garwa, daren Alhamis, cikin watan Sha'aban

Yau aka yi bikin cika shekara da sake gina ƙofar gari. Ban so zuwa ba, ɗana Hamadu ne ya matsa. Aka yi ta zuba Faransanci, ni ko kujera ba a ba ni ba. Siminti ne aka shafa wa jan fenti wai ya yi kama da ƙasa. Kuma sun gusar da ita saboda kwalta. Inda tun kakanni ake fita da gawa zuwa maƙabarta, yanzu bango ne.

Ana cikin jawabi na hangi yayana Sale, wanda muka fitar da gawarsa ta sabuwar ƙofa da damina. Ashe bai fita ba. Yana tsaye jikin bangon nan yana lalube kamar makaho, ba inuwa a ƙarƙashinsa. Ya juyo ya dube ni.

Na ce wa Hamadu, "Ran da na mutu, ta tsohon wuri za ku fitar da ni."

Ya ce, "Haba Baba, rana ce ta buge ka. Da makara za mu haura katanga?"

Tun isha nake jin ana shafa bangon ɗakina daga waje, a hankali. Akwai diga a ƙarƙashin gado. In Allah ya kai mu asuba zan je in huda wa Sale hanya, jandarma su kama ni in sun so.