Makullin A-kori-kura Ba Na Walid Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Abakar Ba'ana, direba, mazaunin Fezzan a nan Maiduguri. Ciwon ƙoda ya kwantar da ni, amma bai taɓa hankalina ba. Duk wanda ya ce zafin ciwo ne ya sa na rubuta abin da ke ƙasa, ya yi mini ƙarya. Ku saurara, Sa'id, Walid da Rumaisa'u.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta ce. Mahaifiyarku Ya Kellu tana nan a ɗakinta har Allah ya ɗauki ranta.

Na biyu. A-kori-kurata ba ta cikin gado. Na riga na ba Rumaisa'u ita kyauta a gaban liman da shaidu biyu, makulli yana hannunta. Ta nemi direban da ta amince da shi. Walid, ba na so ka sake zama a bayan sitiyarin motar nan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗauko shinkafa da ita daga Zabarmari zuwa Kasuwar Litinin, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Kai wata bakwai ka yi da ita. Joseph bakanike ya gaya maka sau biyu cewa tiyon man birki yana yoyo, ka bar masa ita yini ɗaya. Ka ce kaka ce, lodi ba ya jira. Ka lafta mata buhuna har bayanta ya zauna, ka ɗauko ƙanwarka da cikin wata shida a gaba. A gangaren Muna ka taka birki, ƙafarka ta tafi har ƙasa. Kai ka fito daga kwalbatin da ƙujewa a goshi. Ita ta rasa cikin, kuma har yau jan ƙafa take yi.

Na uku. Wannan ya fi ci mini rai. Washegari ka je gareji, ka mari Joseph a gaban mutane, ka ce aikin banza ya yi maka. Mutumin da ya girme ka da shekara ashirin! Mutumin da ya bar iyalinsa lokacin ambaliya, ya zo ya taya ni kwance injin nan muka fitar da laka da hannu. Saboda bakinka rabin masu kai masa mota sun gudu. Ina so ka koma garejin da rana, lokacin da ya cika, ka faɗi gaskiya da murya irin wadda ka zage shi da ita. Ban yarda ka aika kowa ba, ban yarda da waya ba. Akwatin sifanuna da jak ɗina na bar wa Joseph, wasiyya ce, kada a taɓa ko ƙusa.

Na huɗu. Sa'id, kada ka karanta wannan kana jin kai ka tsira. Na shiga motarka ranar da ka kai ni asibiti. Jar fitila tana ci a gabanka, ka liƙe ta da takarda don kada ta dame ka. Tayoyinka na gaba sun cinye har waya ta leƙo. A cikinta kake kai jikokina makaranta. Ka yi karatu har ka zama malami, amma buɗe bonet ya gagare ka.

Ga abin da nake yi kowace safiya, ba ya kai minti biyar. Kafin ka tayar da mota, ka zagaye ta, ka duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Ka zaro sandar baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. Ka duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. In ya yi zafi kada ka kusanci murfin, na ga wanda ruwan ya saɓule wa fuska a Beneshek. Ka taka birki tana tsaye: in ya yi laushi, ko ya riƙa nutsewa a hankali, ajiye makulli ka hau keke. Iskar taya a zafin Afrilu ba a cika ta. In ka ji sabuwar ƙara, kashe rediyo ka saurara, kada ka ƙara masa murya.

Na biyar. Zayyad mijin Rumaisa'u ya hana Walid shiga gidansa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma shekara guda ta isa. In Walid ya je wurin Joseph, to Sa'id ya raka shi gidan ƙanwarsa. Rumaisa'u, ba na tilasta miki. Ina roƙo ne.

Na shida. Akwai abin da ko Ya Kellu ba ta sani ba. Safiyar ranar hatsarin, da na fito, na ga man birki a ƙasa, kusa da tayar baya. Na dangwala da yatsa, na shinshina, na gane shi. Walid yana cikin gida yana shan shayi. Kwana uku kafin nan mun yi cacar baki, ya ce mini zamanina ya wuce, ni kuma na rantse ba zan sake yi masa maganar mota ba. Sai na goge yatsana a riga, na wuce. Na ce bari ya gani da idonsa. Ban san zai ɗauko ki ba, 'yata. Fushin da kuka ga ina yi shekara guda, rabinsa da kaina nake yi. Ki yafe mini tun ina da rai.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gida, ya ba Rumaisa'u wani rabon. Ku riƙa haɗuwa a ɗakin mahaifiyarku kowace Juma'a, ko kuna shiri ko ba kwa yi. In ɗayanku ya ga abin da zai cuci ɗan'uwansa, ya faɗa masa a take, ko da ba sa magana.

Mahaifinku,
Abakar Ba'ana